Jagoran hawan dutse da ba ya yanke sunan kowa

Ƙananan kamfanonin jagorancin hawan dutse suna da yawa a kewayen Cortina d'Ampezzo, cikin tsaunukan Dolomiti na arewa maso gabashin Italiya, kuma kusan duk aikinsu iri ɗaya ne: jagora ya ɗaura maka igiya, ya kai ka ƙololuwa, ya ɗauke ka hoto, ya sauko da kai lafiya. Wanda nake son yin bayani a kansa ya ƙara abu guda a kan haka. Shirinsu na 'yan kwanaki ne, kuma duk hanyar da za a hau, ko wadda za a tsaya daga ƙasa a kalla, sai jagoran ya faɗa maka su wa suka fara bin ta, a wace shekara, da wane irin kaya, da kuma yadda rayuwarsu ta ƙare. Abin da ya sa na zaɓe su ke nan. Na gamsu ƙwarai, kuma zan sake komawa in Allah ya yarda, duk da akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, waɗanda zan zo kansu a gaba.

Ga wanda bai saba da harkar ba: a tsaunukan Turai, hanyar da aka fara bi a jikin dutse yawanci sunan waɗanda suka buɗe ta take ɗauka. In ka buɗe littafin hanyoyi za ka ga an rubuta, alal misali, Comici–Dimai, 1933, sai matakin wuya da tsawon hanyar. Amma a bakin mahaya sunan gajarcewa yake yi. Za ka ji mutum ya ce gobe zai hau Comici, ko bara ya yi Cassin, kamar sunan titi. Na daɗe ina faɗin waɗannan sunaye kamar kowa, kuma abin da ya kai ni wurin wannan kamfani shi ne son in san mutanen da ke bayansu.

Jagoran da aka haɗa ni da shi dattijo ne ɗan yankin, gashinsa ya yi fari, yana da takardar shaidar ƙungiyar jagororin tsauni ta duniya, IFMGA. Ta fuskar tsaro ba ni da abin cewa sai yabo. Hular kwano, ɗamarar igiya da maƙalan ƙarfe duk kamfanin ne ya bayar, kuma masu kyau ne. Kafin mu taɓa wata doguwar hanya sai da ya gwada ni a ɗan gajeren dutse, ya ga yadda nake ƙulla igiya da yadda nake tsare abokin hawa. Ba ya daka tsawa, ba ya kuma yabon abin da bai kai a yaba ba. In ya ga gajimare ya fara taruwa da hantsi, ba ya jayayya da shi, domin a can hadari da tsawa sun fi zuwa bayan azahar a lokacin zafi.

Mun fara da Cinque Torri, wasu tsayayyun duwatsu da ke kudu maso yammacin Cortina. A jikin babbansu, Torre Grande, akwai hanyar da ake kira Via Miriam, mai matakin wuya na biyar. Ina tsaye a gindinta ina gyara takalmi ya tambaye ni ko na san wace ce Miriam. Na ce, "A'a, Malam, ban sani ba." Sai ya zauna a kan jakarsa ya ba ni labarin. Miriam O'Brien ce, Ba'amurkiya, wadda ta hau hanyar a 1927 tare da jagorori 'yan gidan Dimai na Cortina. A zamanin, mace in ta hau dutse da namiji, ko ita ce ta ja gaba, mutane cewa suke yi namijin ne ya ja ta. Wannan ya dame ta, shi ya sa a 1929 ita da Alice Damesme, Bafaranshiya, suka hau dutsen Grépon a Chamonix ta Faransa su biyu kaɗai, babu namiji ko ɗaya a igiyar. A 1932 kuma suka yi haka a dutsen Matterhorn. Da muka shiga hanyar na ga wuraren riƙo sun yi sulɓi suna sheƙi saboda yawan hannayen da suka shafe su kusan shekara ɗari. A nan ya nuna min inda zan sa ƙafa, ya tuna min cewa su da igiyar rama suka bi wurin, wadda take yin nauyi in ta jiƙe kuma tana iya tsinkewa in mutum ya faɗo da ƙarfi, a ɗaure a ƙugu kawai, ga takalma masu laushin ƙasa irin na tsumma. Ni da nake da takalmi mai ƙasan roba da igiyar zamani, sai da gwiwata ta yi rawa a wurin.

Ranar da ta fi tsaya min a rai ba mu hau komai ba. Zagaye muka yi da ƙafa a gindin Tre Cime di Lavaredo, manyan ƙololuwa uku da hotonsu ya cika duniya. Daga masaukin Auronzo aka tashi, aka bi ta mashigar Lavaredo, inda bangon arewa yake bayyana gaba ɗaya lokaci guda. Cima Grande ce a tsakiya, tsayinta mita 2,999, Cima Ovest a damanta in kana kallo daga arewa, Cima Piccola a hagu. Bangon arewan Cima Grande ya kai kimanin mita 500, kuma rabinsa na ƙasa, mai launin ɗorawa, ya karkato waje ne, ruwan sama ma ba ya sauka a jikinsa. Dattijon ya fito da madubin hangen nesa, ya riƙa miƙa mana ɗaya bayan ɗaya yana bin layukan da yatsa.

Hanyar da kowa ke kira Comici, shi bai taɓa kiran ta haka ba ko sau ɗaya. Comici da Dimai yake cewa, wani lokaci har ya ambaci sunayen duka ukun: Emilio Comici ɗan Trieste, da Angelo da Giuseppe Dimai, 'yan'uwa biyu daga Cortina, waɗanda suka gama hawan a watan Agusta na 1933. Mahaifinsu Antonio Dimai shi ma babban jagora ne. Yana cikin waɗanda suka buɗe bangon kudu na Tofana di Rozes a 1901 tare da wasu 'yan mata biyu 'yan Hungari, Ilona da Rolanda Eötvös. Bayan hawan 1933 an yi ta jayayya kan wanda ya fi jan gaba a wurare masu wuya, sai Comici ya dawo a 1937 ya hau bangon shi kaɗai cikin kimanin awa uku da rabi. Ya rasu a watan Oktoba na 1940, ba a wani babban bango ba, a wani ɗan dutsen atisaye da ke Vallunga kusa da Selva, lokacin da wata tsohuwar igiya ta tsinke da shi. Duniya ta riƙe sunan Comici, ta saki na Dimai, alhali hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a hawa irin na wancan zamani wanda ke riƙe da igiya yana ja yana saki aikinsa bai gaza na wanda ke buga ƙusar maƙala igiya a jikin dutse a sama ba.

A Cima Ovest ma haka. Cassin ake cewa, amma Cassin da Ratti ne. Riccardo Cassin maƙeri ne mazaunin garin Lecco. A ƙarshen Agustan 1935 shi da Vittorio Ratti suka iso suka tarar wasu Jamusawa biyu, Hintermeier da Meindl, sun kafa tanti a gindin bangon suna ta gwadawa. Cikin hazo suka wuce su suka shiga, suka yi kwana biyu a jikin dutsen, suka ratsa ta gefe a saman manyan rumfunan dutse, wato inda bangon ya turo waje, da suka gagari kowa, suka fita a rana ta uku. Cassin ya yi tsawon rai, ya buɗe wasu manyan hanyoyi a Piz Badile a 1937, da Grandes Jorasses a 1938, da Denali a Alaska a 1961, ya rasu a 2009 yana da shekara ɗari. Ratti bai samu wannan ba. An harbe shi a titin Lecco a watan Afrilu na 1945, yana cikin 'yan gwagwarmayar da suka yaƙi 'yan fasist a kwanakin ƙarshe na Yaƙin Duniya na Biyu. Wanda ya rayu ya yi ta ba da labari, aka yi ta hira da shi, har kayan hawa masu ɗauke da sunansa ana sayarwa. Wanda ya mutu da ƙuruciya sai sunansa ya koma bayan ɗan layin da ke cikin littafi. Ba laifin Cassin ba ne ko kaɗan. Amma na ji daɗi da na samu wanda ya tsaya a gaban bangon ya faɗi sunan Ratti da cikakkiyar murya.

Misalin da ya fi ba ni haushi shi ne hanyar 1958 da ta miƙe ta tsakiyar bangon Cima Grande, wadda ake kira Hasse–Brandler. Mutum huɗu ne suka buɗe ta: Dietrich Hasse, Lothar Brandler, Jörg Lehne da Siegfried Löw. Sunan da ya zauna na biyun farko ne kawai. Kuma biyun da aka zubar, su ne dutse ya ci. Löw ya mutu a 1962 yana saukowa daga dutsen Nanga Parbat bayan ya kai ƙololuwa, Lehne kuma duwatsu suka faɗo masa a Grandes Jorasses a 1969. Da dattijon ya gama faɗin wannan, babu wanda ya yi magana a cikinmu har muka yi nisa.

Akwai kuma akasin haka, inda masu hawan suka ajiye nasu sunan da gangan. Hanyar da René Desmaison da Pierre Mazeaud da abokansu suka buɗe a Cima Ovest a 1959 sunan Jean Couzy suka ba ta, abokin igiyar Desmaison, wanda ya fara hawa dutsen Makalu da Lionel Terray a 1955, ya kuma mutu a 1958 sakamakon faɗowar dutse. Couzy ya rasu kafin a buɗe hanyar, amma duk wanda ya hau ta sai ya ambace shi.

A ɓangaren kudu, a Cima Piccola, ya nuna mana Spigolo Giallo, kaifin dutsen nan mai launin ɗorawa da ya miƙe sama sak. Nan ma Comici ake jinginawa. Su uku ne a 1933: shi, da Renato Zanutti, da Mary Varale. Wannan matar ita ce ta kai Comici duwatsun Grigna, inda samarin Lecco irin su Cassin suka ga sabon salon aiki da igiya da ƙusa a wurinsa. Ke nan tana da hannu, ta bayan fage, a hawan Cassin da Ratti na 1935 ma. A shekarar ce kuma ta ajiye katinta na ƙungiyar mahayan Italiya don nuna fushi kan yadda ake raba lambobin yabo.

Wanda jagoran ya fi daɗewa a kansa shi ne Paul Preuss, kuma a fili yake cewa yana ƙaunarsa. Ƙaramar ƙololuwar gefe, Cima Piccolissima, masu jin Jamusanci da sunansa suke kiranta, kuma doguwar tsagar da ya hau a jikinta a 1911 tare da Paul Relly har yau ana bin ta. Preuss ɗan Ostiriya ne, an haife shi a 1886. Ra'ayinsa mai tsauri ne: bai yarda mutum ya dogara da ƙusa don ya hau abin da ƙarfinsa bai kai ba, kuma yana ganin duk inda ka hau dole ne ka iya saukowa ta nan da hannunka da ƙafarka. A kan wannan aka yi zazzafar muhawara a mujallun mahaya tun daga 1911, abokansa na kusa ma ba duka suka goyi bayansa ba. A shekarar ya hau bangon gabas na Campanile Basso shi kaɗai ba igiya. Ya faɗo ya mutu a Mandlkogel a watan Oktoba na 1913, yana da shekara 27. Abin da ban sani ba sai a ranar shi ne mahaifinsa Bayahude ne, kuma da ƙiyayyar Yahudawa ta mamaye ƙungiyoyin mahayan Jamus da Ostiriya, har zuwa zamanin 'yan Nazi, sai aka daina ambatonsa. Daga baya ne wasu, cikinsu har da shahararren mahayin nan Reinhold Messner, suka farfaɗo da tarihinsa. A tsawon shekarun da aka yi shiru, sunan da ke jikin tsagar dutsen bai goge ba. Ban yarda da duk ra'ayin Preuss ba, domin ni ina son ƙusa mai ƙarfi a gabana kuma ba na jin kunyar hakan, amma ina ganin duk wanda ya sa hannu a tsagar nan ya kamata ya san an taɓa ƙoƙarin shafe mai sunan.

Daga nan aka gangara wajen Monte Paterno, dutsen da ke fuskantar ƙololuwan uku. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya iyakar Italiya da Ostiriya ta nan ta bi, kuma sojoji sun huda ramuka a cikin dutsen, waɗanda ake shiga da tocila har yanzu. Sepp Innerkofler, jagora daga Sesto, wanda ya buɗe bangon arewan Cima Piccola a 1890 kuma ya daɗe yana riƙe da masaukin da ke gindin wurin, a nan ya mutu ranar 4 ga Yuli, 1915, yana jagorantar sojojin Ostiriya don ƙwace ƙololuwar. Har yau ana saɓani kan abin da ya kashe shi: wasu sun ce wani sojan Italiya mai suna Piero De Luca ne ya jefo masa dutse, wasu sun ce harsashin ɓangarensa ne ya same shi. Sojojin Italiya ne suka ɗauko gawarsa suka binne a saman dutsen cikin girmamawa. Hanyar da aka shimfiɗa wa wayar ƙarfe ta riƙo a Paterno yanzu sunanta De Luca–Innerkofler, sunayen biyu a jere. Yaƙin nan ya kuma ci Hans Dülfer, Bajamushe, mai hanyar 1913 a yammacin Cima Grande, wanda aka kashe a fagen daga a Faransa a 1915.

Mun so mu hau hanyar Dibona da ke kaifin gefen Cima Grande, mai sunan Angelo Dibona, babban jagoran Cortina da aka kafa wa mutum-mutumi a tsakiyar garin, amma hasashen yanayi bai yi kyau ba, hanyar kuma doguwa ce, ga duwatsu da waɗanda ke sama kan turo. Sai ya mai da mu hanyar da aka saba bi ta kudu, mai sauƙi. Ita ba ta ɗauki sunan kowa ba, amma shi bai bar ta haka ba: Paul Grohmann daga Biyana, tare da jagorori biyu, Franz Innerkofler da Peter Salcher, a watan Agusta na 1869.

Yanzu abubuwan da ban ji daɗi ba. Na farko kuma mafi girma, batun siyasar Comici. Mutumin ya goyi bayan gwamnatin Musolini, har ya riƙe muƙami a Selva a ƙarƙashinta. Jagoran bai ambaci wannan ba sai da na tambaya, kuma amsar da ya bayar gajera ce, ya wuce. Tunda an ba mu labarin yadda Ratti ya mutu da yadda aka yi watsi da Preuss, adalci shi ne a faɗi wannan ma ba tare da an jira tambaya ba. Tuna mutum ya haɗa da tuna abin da ba shi da daɗin ji, kuma faɗinsa ba zai rage wa hawan 1933 komai ba.

Na biyu, ɗan littafin da kamfanin ya raba mana ya saɓa wa abin da jagoran yake yi da baki. A cikinsa an rubuta Comici, Cassin, Hasse–Brandler, a gajarce kamar yadda kowa ke yi, kuma da Italiyanci da Jamusanci ne kawai. Wanda ba ya jin ɗayansu sai ya dogara da abin da ya iya riƙewa a ka. Ni a wayata na riƙa rubuta sunaye da shekaru duk inda aka tsaya, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka. Na uku, a ranar zagayen an haɗa mu da wasu baƙi har muka yi yawa ga madubin hangen nesa ɗaya, ga hanyar kanta cike da masu yawon buɗe ido, ta yadda na baya ba ya jin bayani. Da an tashi da asuba da an kauce wa cunkoson. Sannan ba su bayyana tun wajen rajista abin da za a yi in yanayi ya hana hawa ba. Sauyin da aka yi mana daidai ne, amma da na so in san tsarin tun kafin ranar.

Shirin bai dace da wanda burinsa ya tara hanyoyi masu yawa cikin ɗan lokaci ba, domin ana zama, ana magana, rana guda ma ba a ɗaura igiya. Bai kuma dace da wanda bai taɓa hawa ba. Ya kamata mutum ya iya bin jagora a mataki na biyar ba tare da firgita ba, ya kuma iya saukowa da igiya. Ga wanda ya kai nan kuma yake son sanin su wa suka riga shi, ban ga kamarsa ba. Lokacin da ya fi shi ne daga ƙarshen Yuni zuwa Satumba, kuma farkon Satumba ya fi Agusta sauƙin jama'a. Wajen rajista a nemi jagora ɗan yankin da ya san tarihin, domin ba duka ma'aikatansu ne ke yin wannan ɓangaren ba, a kuma tambaya ko mutum nawa za a haɗa a ranar zagayen Tre Cime. In da hali, mutum ya tafi da nasa madubin hangen nesan.